Sallamar Baffana a Kumasi

Shekarun baya, lokacin ba a daɗe da daina kashe fam da sule ba, ina koyarwa a wata firamare a Gaya sai aka aiko daga Ajingi cewa jikin mahaifina ya yi tsanani. Na hau keke na tafi. Na same shi kwance ya rame ƙwarai, amma bakinsa garau, har da yi mini faɗa don na bar keken a rana. Da na zauna ya ce abu ɗaya yake so, in je Kumasi in taho masa da wansa. Ya ce, "Ina so in gan shi tun ina iya magana."

Wannan wan nasa, wato baffana, ban taɓa sa shi a ido ba. Tun kafin a haife ni ya kama shanu biyu na gadon mahaifinsu ya sayar ba da sanin kowa ba, ya bi fataken goro. Goron bai karɓe shi ba, sai ya samu aikin masinja a wani ofishin gwamnati a can, ya yi har ya tsufa ya yi ritaya, ya ci gaba da zamansa. Kusan shekara arba'in, ba abin da ke haɗa shi da gida sai gaisuwa a bakin matafiya.

Hedimasta ya ba ni mako biyu. Ni kuma da wautar ƙuruciya na zauna na tsara abina: kwana biyar zuwa, kwana ɗaya hutawa, kwana biyar dawowa. Har ina murna zan samu rarar kwana uku.

Da na isa Kumasi na sami baffa a zango, unguwar da Hausawa ke zaune, a wani ɗaki ɗaya cikin gidan haya. Dogon tsoho ne, gwiwarsa ta dama a kumbure, yana dogara sanda, tabaransa a ɗaure da zare. Matarsa ta rasu, ba ɗa ba jika. Rayuwarsa kullum iri ɗaya ce: masallaci, koko da ƙosai, sannan benci a ƙofar gida da rediyo a kunne. Ƙwayoyin da asibiti ke ba shi duk ya juye su cikin gwangwani ɗaya, farare da jajaye, wadda hannunsa ya fara taɓawa ita yake sha. Na yi magana, ya ce ai duk ciki ɗaya za su.

Da na isar masa da saƙon bai yi musu ba ko kaɗan. Ya cire tabarau ya share ido, ya ce, "Gobe-goben nan, ɗana. Bari dai in sallami mutane."

Ni sallamar da na sani ita ce mutum ya miƙe a masallaci bayan an idar da salla, ya ce jama'a zan yi tafiya, a yafe ni, a shafa fatiha a watse. Ashe ba haka baffa yake nufi ba. Gida-gida yake nufi, mutum-mutum, a kan wannan gwiwar.

Ranar farko gida huɗu muka yi. Kowane gida sai an shimfiɗa tabarma, an gaisa tun daga lafiyar maigida har zuwa ta awaki, sannan baffa ya gyara murya ya ce, "To, zama ya ƙare. Abin da na yi maka, wanda na sani da wanda ban sani ba, ka yafe mini." Maigida ya ce shi ne ma zai nemi yafiya. Su ɗan yi kuka. A kawo abinci, kuma ba dama a ƙi ci. Ni ina gefe riƙe da jakarsa da gwangwanin magani, ina kallon inuwa tana tafiya.

Wannan ma da sauƙi. Washegari waɗanda muka sallama jiya sai ga su sun zo da tsaraba, wannan ƙwaryar goro, wancan turmin atamfa, wata tsohuwa da sabulun salo. Na ce alhamdu lillahi, an gama da waɗannan. Baffa ya dube ni kamar wanda bai samu tarbiyya ba, ya ce, "Mutum ya ɗauko ƙafa ya kawo maka alheri, ba za ka je ka yi masa godiya ba? Me kuke koya wa yara a makarantar taku?" Haka muka koma gidajen da muka riga muka gama da su. Gida ɗaya, zuwa biyu.

Muka sallami liman da ladan. Muka sallami wanzaminsa, da matar da yake sayen koko a wurinta, wadda sai da muka jira ta gama sallamar masu saye. Muka ɓata yini guda a layin asibiti, ina tsammanin magani zai karɓa na tafiya, ashe ma'aikacin da ke duba masa gwiwa zai yi wa ban kwana. Akwai wani ɗan ƙasar da suka yi aiki tare, ba ma Musulmi ba ne, ya koma ƙauyensu. Can ma sai da muka shiga mota muka je, muka tarar ya tafi gona, muka jira shi har la'asar. Da muka dawo gwiwar ta ƙara kumbura, ya kwana biyu ko masallaci bai iya zuwa ba, ni ke shafa masa man zafi ina cin magani.

Ranar ta takwas haƙurina ya ƙare. Na ce, "Baffa, don girman Allah. Ƙaninka yana can kwance, kwana yake ƙirgawa. Waɗannan mutanen lafiyarsu lau, a aiko musu da wasiƙa mana."

Ya ce, "Na taɓa barin wani gari ban sallami kowa ba. Da sassafe na fice ta bayan gida, ko uwata ban yi wa sallama ba, har ta rasu. Ka ga abin da ya ja mini. Ba zan ƙara barin gari kamar ɓarawo ba."

Jikina ya yi sanyi. Amma gaskiya sanyin yini ɗaya ya yi, don washegari ya tuna da wani mai gyaran takalmi da suka taɓa cacar baki shekara goma da ta wuce, kuma ba wanda ya san inda ya koma da zama. Muka shiga nemansa. A ranar na tabbata ba ladabi kaɗai ke riƙe da baffa ba, har da tsoro. Neman yafiyar mai gyaran takalmi ya fi masa sauƙi a kan haɗa ido da mahaifina.

Kwana goma sha biyu muka yi. Ta ƙarshen da muka sallama ita ce matarsa, a maƙabarta. A nan kam ban duba agogo ba.

Hanya ma ba ta zo da sauƙi ba. Goron tsaraba ya taru ya yi huhu biyu, ya ce ko ƙwara ɗaya ba zai bari ba, amanar mutane ce. Muka bi ta bakin teku, iyaka uku, kowace iyaka sai an sauke an kwance an ɗaure. Duk inda mota ta tsaya sai ya sauko ya yi fitsari, ya yi alwala, ya yayyafa wa goro ruwa, direba na ta danna oda, ni ina ba fasinjoji haƙuri. Daga Ikko muka shiga jirgin ƙasa. Muna sauka Kano ya ce akwai wani dillalin goro da ya taɓa ba shi masauki, ya kamata a leƙa a gaishe shi. A nan ne na ɗaga wa wan mahaifina murya a gaban jama'a. Na ce ko ya shiga motar Gaya, ko in bar shi a tasha da goronsa. Ya shiga. Har muka wuce Wudil bai yi mini magana ba.

Muka isa Ajingi da hantsi. Ba mu ga taron mutane a ƙofar gida ba, na ce Allah na gode maka. Mahaifina yana da rai. Sai dai kwana huɗu ke nan da harshensa ya karye. Idonsa biyu, yana ganinmu, yana gane mu, amma magana ta tafi.

Baffa ya jefar da sanda, ya durƙusa a kan gwiwar da ko ruku'u ba ta bari ya yi sosai, ya kama hannun ƙaninsa. Ya faɗi kalmomin nan da na ji ya faɗa a gida sama da talatin, wanda na sani da wanda ban sani ba. A kowane gida an amsa masa. A nan aka yi shiru.

Mahaifiyata ce ta yi magana daga bakin ƙofa. Ta ce, "Yaya, ya bar maka saƙo. Ranar Juma'a, da ya ji harshen yana nauyi, ya ce in ka zo a faɗa maka zancen shanu ya yafe tun kafin a haifi yaran nan. Ya ce kuma kada a ga laifin yaron a kan jinkiri, ya san halinka, sai ka sallami har kajin gidan."

Baffa ya yi dariya, dariyar ta koma kuka. Bayan kwana biyu mahaifina ya rasu.

Baffa ya ƙara shekara shida tare da mu, yana mitar zafin Ajingi da rashin goro mai kyau. Na riƙe shi kamar uba, ni nake kai shi asibitin Gaya har ƙarshe. Yanzu da na kai shekarunsa na fahimci tsoron da ya riƙe shi, kuma na yafe masa. Amma ba zan yi muku ƙarya ba, har yau idan na tuna mai gyaran takalmin nan sai raina ya ɓaci. Shi baffa ya samu amsarsa, ko da a bakin wani ne. Ni kuwa bayan an yi sadakar bakwai na samu mahaifiyata ita kaɗai, na tambaye ta ko ni ma ya bar mini wani saƙo. Ta ce ta tambaye shi a ranar Juma'ar. Ya ce nawa ba na aike ba ne, sai na dawo.