Kwalbar da Aji Ya Shanye

Jikana ba ya zama wuri ɗaya. Malama tana rubutu a allo, shi yana leƙen taga yana kallon kekuna. Makarantarsu da ke Yelwa ta gaji da shi, ubansa kuma, ɗana na fari, ya fi kowa gajiya.

Sai ga wata maƙwabciyarmu a Gwallaga, mai sayar da kaya ta waya, ta shigo da kwalba cike da wata alewa mai taushi. Wai man kifi ne a ciki, yana ɗaure hankalin yaro. Tun ranar na tsani matar nan. Ko sunan yaron ba ta tambaya ba.

Ɗana ya saya, ya kuma yanke hukunci. "Inna, in kwalbar nan ta ƙare bai nutsu ba, Zungur zai tafi wajen kawu, ya bi shanu."

Ni na bi shanu. Sai da na yi jika sannan na zauna a ajin yaƙi da jahilci, ina riƙe fensir kamar muciya. Na san abin da ake ƙwace wa yaro in an cire shi daga aji.

Matar ta ce alewar ta fi aiki lokacin karatu, don haka uwar yaron ta jefa masa kwalbar a jaka. Mu kuwa tun yana rarrafe muke koya masa ba a cin abu wani yana kallo. Ya buɗe a aji, ya raba wa kowa. Kafin Juma'a babu ko ɗaya.

Ubansa ya jijjiga kwalbar, ya ce wa matarsa ta haɗa kayan yaron. "Ta ƙare, bai nutsu ba."

Na tsaya a bakin ƙofa. "Kai, ba ka da kunya? Ajin ne ya shanye. Je ka tambayi Malama ko ajin ya nutsu."

"Inna, ki matsa."

"Ɗaga ni ka ajiye, in ka isa."

Muna cikin haka mai alewar ta leƙo, tana murmushi. "Hajiya, ai sai an haɗa da ta biyu, akwai mai ƙarfi."

"Ba ni wadda ke sa mace zama a gidanta," na ce mata. "Ke zan fara ba."

Washegari na ja hannun yaron zuwa asibiti. Likitar yara ta daɗe tana duba shi tana yi mini tambayoyi. Ta ce ba iskanci ba ne, lalura ce da aka sani, kuma alewa ba ta isa ta warkar da ita ba. A zaunar da shi gaba, a riƙa ba shi aiki kaɗan-kaɗan, mu dawo ta sake ganinsa.

Har yau yana leƙen taga, amma daga layin gaba. Ɗana yana gaishe ni a tsaye, a gajarce. Jakar da aka haɗa don Zungur tana ɗakina, albasa nake zubawa a ciki.