Bari Ya Kwana

Jiya a cikin keke, daga Mando zuwa Kurmin Mashi, wata tsohuwa ta zauna kusa da ni tana ƙamshin man kaɗanya da kanumfari. Nan take marigayiya Goggo, yayar mahaifina, ta faɗo mini a rai.

Shekarar da na ci bashi a wurin aiki na biya kuɗin haya, albashina ba ya kaiwa tsakiyar wata. Ga bukukuwa, kowanne da ankonsa. Wata Asabar Goggo ta raka ni kasuwa, na ɗauki wani leshi ruwan zuma ina ta shafawa. Ita ma ta taɓa, ta yaba, sannan ta zare shi daga hannuna ta miƙa wa mai shago.

"Bari ya kwana," ta ce. "In gobe kin tashi da shi a rai, sai mu dawo."

"Goggo, wata za ta saye."

"To, ta rage miki nauyi ke nan."

Har mai shagon sai da ya dara. Washegari ko tunawa da leshin ban yi ba. Na je bikin da tsohuwar atamfata, aka ci shinkafa da ni kamar kowa.

Daga nan komai sai ya kwana: takalmi, sabuwar waya, har tsiren yamma. Ranar da na gama biyan bashin na je Rigasa na gaya mata. Ta fito tsakar gida ta rangaɗa guɗa, maƙwabta suka leƙo suna tambayar wa ya haihu.

Allah ya jiƙanki, Goggo, ya sa ki tarar da hisabi mai sauƙi.