Kujerar Zinsu da Ɗan'uwansa Sagbo

Zinsu mai gyaran agogo bai taɓa zama a teburin kartarmu shi kaɗai ba. Ɗan tagwaye ne. Ɗan'uwansa Sagbo ya tafi daji neman itace tun suna goye, don mu nan Kwatano ba ma cewa ɗan tagwaye ya mutu. Uwarsu ta sa aka sassaƙa ɗan gunki a madadinsa, da ta rasu Zinsu ya gaje shi. A aljihun gaban rigarsa yake zama, kai a waje. In Zinsu zai ci akasa, tuwon masararmu, sai ya fara shafa masa a baki, in giyar sodabi zai sha ya ɗiga masa.

Duk Lahadi bayan an taso daga coci muke buga kartar foka a rumfar Tanti Afiyabi mai abinci. Kuɗin ba wani kuɗi ba ne, 'yan silalla ne da ko kifi mai kyau ba za su saya ba. Zaman ne abin so, Zinsu kuwa ba mata ba ɗa, wannan kujerar ce danginsa.

Sai ga Asogba mai sayar da fetur a kwalba ya shigo mana. Mutumin nan bai san a hankali ba. Karta mai kyau ƙarin kuɗi, kartar banza ƙarin kuɗi, ya dunƙule silalla ya maka a tebur yana zare ido. Duk muka koma matsorata, da ya motsa mu zubar da karta. Ni kam haushinsa har abinci yake hana ni ci.

Zinsu kaɗai bai damu ba. Zai ƙyale shi ya yi ta kwasar ƙanana, can sai ya sunkuyar da kai wajen aljihu kamar mai sauraro, ya ce, "Na bi." Duk sanda ya bi kuma, Asogba hannu wofi yake tashi.

Tun ana dariya har aka daina. Na fara lura idon gunkin nan kullum a kan hannun Asogba yake. Da na tuna, ai ni ma sau nawa aka cinye ni bayan irin wannan sunkuyon?

Wata Lahadi Asogba ya dafe karta kafin a raba. "Fofo Zinsu, mu biyar muka zuba kuɗi, amma mu shida ke wasa. Ko ka cire ɗan leƙen asirin nan, ko ka bar mana tebur."

Zinsu ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, yana jiran wanda zai tanka. Kowa ya sa ido a kwanonsa. Me zan ce? Ni ma so nake in gani.

"Tun da uwarmu ta bar mini shi bai taɓa barin jikina ba," in ji shi. Ya zaro shi a hankali. "Tanti, riƙe mini shi. Kada ki kai shi kusa da murhu, ba ya son hayaƙi."

Aka raba. Asogba ya turo duk abin da ke gabansa, yana murmushin mugunta. Zinsu ya sunkuya wajen aljihun da ba kowa ciki, ya daɗe a haka, sannan ya ce, "Na bi." Aka buɗe. Asogba ba shi da komai, barazana ce zalla.

Zinsu ko kallon silallan bai yi ba. Ya karɓi Sagbo, ya goge masa fuska da bakin riga.

"Yi haƙuri, ɗan'uwa. Mu je gida."

Bai sake dawowa ba. Yana nan bakin kasuwa da agogunansa, in ka gaishe shi ya amsa lafiya lau, amma ranar Lahadi su biyu suke cin akasarsu. 'Yan tebur sun ce ya wanke kansa, har suna cewa mun zalunce shi. To, su suka sani. Ni dai na ga inda Tanti ta tsaya a ranar: daidai bayan Asogba, ta rungume Sagbo a ƙirji, fuskarsa na kallon gaba, wajen kartar Asogba.