Shunin Kawu a Gindin Tsamiya

Jiya na ga shuni a hannun wani marini, sai Kawu ya faɗo min a rai.

Zamanin Turawa, duk ranar tseren samari a Kontagora, ba mai sa shi, zai ɗauki ƙoƙon shuni ya tsaya gindin tsamiyar hanyar Rijau. Wanda ya zagayo ta, ya dangwala masa a goshi, shaidar bai yi yanke ba.

Wata shekara ina kan gaba na faɗi a gabansa, gwiwata na jini.

"Kawu, kama ni!"

"In na ɗaga ka, ka fita tsere, ɗana. Tashi!"

Bai miƙo hannu ba. Na tashi, ya dangwala mini shuni. Har yau ina jin sanyin shunin nan a goshina.

Allah Ya kama hannunsa ranar da ba mai tashi da ƙarfin kansa.