Hakin da na binne a gonar kawu

Tun ina saurayi ba makaɗin da ya shiga raina kamar mai gangar noma na garinmu, can wajen Tabotaki. Wani gajeren tsoho ne, haƙora jajir da goro. Ina son masu gurmi da nake ji a radiyo, har kaset ɗinsu na saya ran kasuwar Buza, amma su ba su san da ni ba. Shi wanga ya san sunana, ya san na kakana. In ya rataya ganga ya bi bayan manoma, duk wanda ya wuce gaba shi zai kira. Ni kuwa lokacin nan ba abin da nake so kamar a kira ni.

Wata damana kurkunu ya kwantar da kawuna, ƙanen innata, haki ya taso ma gonarshi. Ɗiyanshi duk mata ne ƙanana, kuma gonar nan ɗaya ita ce cinsu na shekara. Sai anka kira gayya. Matarshi ta dama hura, munka taru mu samari, shi kuma anka ɗauko shi bisa jaki anka aje gindin aduwa.

Kowa ya san yadda ake noma. Ka sare haki daga saiwa, ka birkice shi rana ta kashe shi. Akwai kuma na marasa tsoron Allah: ka jawo ƙasa da hauya ka ruhe mashi kai, ka wuce. Daga nesa layinka ya hi na kowa kyau.

Layin farko na yi shi da gaskiya, sai wani taubashina ya wuce ni, ganga ta bi shi. Abin ya ci mani rai. Daga na biyu na fara binnewa.

Taubashin ya ɗaga kai ya ce, "Kai, ina za ka haka? Mota za ta bar ka tasha?"

Na ce, "Yi noma, mai tumbin hura. In ka gaji a kira innarka ta kama maka."

Ganga ta dawo bayana. Tsohon nan ya kira ni, ya kira ubana da kakana, mata sunka yi guɗa. Na gama layi na kama wani, ban san adadin da na yi ba. Da la'asar kawu ya riƙe hannuna ya sa mani albarka gaban jama'a.

Bayan kwana uku anka yi ruwa. Kahin sati haki ya ɓullo layi-layi, kore shar, tsakanin na mutane da sunka bushe. Ba wanda bai san na wa ne ba. Wata sahiya na bi ta wurin, na hangi kawu zaune ƙasa, ƙafa ɗaure da tsumma, shina jan gindi shina tonon hakin. Na canza hanya. In na ɗauko hauya, na amsa laihi ke nan, ni da anka yi ma guɗa.

Ran kasuwa na tarar da makaɗin wajen mai goro, na ce, "Baba, kai ka zuga ni."

Ya ce, "Ɗana, ni ganga nake riƙe, hauya tana hannunka. Tun layi na biyu na gan ka."

"To don mi ba ka yi magana ba?"

"Da ka ji? Kunnen nan naka sunanka kaɗai ke shiga cikinshi."

Na yi hushi da shi shekaru. Hatsin kawu bai yi ba, kahin bazara rumbu ya ƙare. Matarshi ta riƙa shigowa wurin innata da ƙwarya ɓoye cikin zane, ni kuwa in na ji sallamarta sai in hita. Kawu, da tsuhwanshi da ɗingishi, ya tahi biɗar kuɗi Najeriya, shina ga-ruwa. Ni ma na gudu Abijan.

Can, cikin ɗakin da muke kwana mu shida, wani ɗan Tamaske ya sa kaset na gangar noma. Ba sunana ciki, ba sunan kowa nawa. Na zauna na ji ta har ƙarshe, kiɗi mai nauyi, mai tahiya daidai da saran hauya. Ran nan na fara jin ganga. Duk shekarun da nake cewa ina son tsohon nan, kaina nake saurare.

Makaɗin ya rasu ban ba shi haƙuri ba. Kawu ma sai da gemuna ya yi hurhura na iya zama gabanshi. Na same shi bisa tabarma shina tukar igiya, idanu sun fara tahiya.

Na ce, "Kawu, layukan nan na shekarar gayya, ni na binne su."

Bai bar tuka ba. Ya ce, "Na sani, ai ni na tone su. Ba binnewar ta dame ni ba, yaro kake. Kullum ina tono ina duban hanya, ina cewa yau dai za ka zo."