Goggon Cikin Tele da Goggon Gidanmu

Har yau in na tarar da mata sun yi da'ira suna musu a kan wace ce muguwa a fim, wane ne zai mutu kafin zango ya ƙare, sai in juya in bar musu wurin. Ba zan yi ƙarya ba, ni ma na yi kallo, na yi dariya, na yi tsaki, na ma taɓa barin tuwo ya kama saboda shi. Fim bai yi mini komai ba. Bakin masu kallo ne ya fita raina, kuma ina da dalili.

A Dogo-Dogo muke. Yayata, wadda nake bi, ta yi aure har sau biyu Allah bai ba ta haihuwa ba. Da mijin na biyu ya rasu sai ta dawo gidan tsohonmu, ta kama ɗakin da ke kusa da rumbu, tana suyar ƙuli-ƙuli da matsar mai. Ƙaninmu kuwa, autan gidan, yana can ƙarshen gari da matarsa. Da aka zo yaye 'yarsu ta fari, tun da tsohuwarmu ba ta da rai, sai ya ɗauko ta da kansa ya kawo wa yayata. A gabana ya ce ya ba ta ita halak malak, sai dai aure ya raba su. Haka ake yi a wurinmu, kuma in an ba ka ɗa irin wannan bayarwa ba a waiwaya. Wadda ta riƙe ita ce uwa, ita ke tara kwanuka da tasoshi, ita za ta kai yarinya ɗakinta. Uwar da ta haifa ko sunan 'yar fari ba ta faɗa don kunya, "yarinyar nan" take ce mata.

Yayata ta riƙe yarinyar nan riƙon da ni da na haifi nawa ban yi musu ba. Ita ta yi jinyar ƙyandarta. A bayanta ta yi wayo, Inna take kiranta, kuma lokacin da nake ba da labarinsa har ta fara famfara, tana zuwa lakwal, makarantar boko, da ɗan allonta.

A shekarar ne aka kawo mana sabon daraktan lakwal, matarsa na da tele da fano mai kama hasken rana. In ya je Magaria sai ya sa a zuba masa wani fim mai dogon zango a ɗan katin waya, ita kuma ta kunna mana ranar Juma'a bayan la'asar. Rani ne, ba noma ba komai, tsakar gidanta sai ya cika maƙil, kowa da tabarmarta da gyaɗar ɓararta. Labarin wata hajiya ce mai kuɗi a birni, ba ta taɓa haihuwa ba, tana riƙon 'yar ƙaninta. Tana yi wa yarinyar komai, amma duk sanda ta zuba mata ido sai masu fim su sa wani kiɗa mai tayar da tsikar jiki. To, wannan kiɗan ne ya raba mata gida biyu. Wasu suka ce goggon nan mutuniyar kirki ce, kiɗan na ruɗa masu kallo ne kawai. Wasu suka ce a'a, ku dubi yadda take kanne ido, akwai wata a ƙasa. Wata tsohuwa mai daddawa ita ce shugabar masu tsinuwa, tun goggon ba ta buɗe baki ba take fara ja mata Allah ya isa. A lokacin abin dariya yake ba ni, har ni ma ina sa baki.

Sai ga kashin ƙarshe na zangon. Goggon ta yi wa yarinya wanka, ta sa mata sababbin kaya, ta kai ta tasha, ta damƙa hannunta a hannun wani mutum mai baƙin tabarau. Yarinya na kuka tana miƙo hannu ta tagar mota, mota ta tashi, goggon ta juya ta rufe fuska da mayafi. Shi ke nan, rubutu ya hau allo, wai sai zango na gaba.

Gidan nan ya kaure. Mai daddawa ta cire takalmi za ta jefi tele, matar darakta ta tare da jikinta tana ba ta haƙuri. Cikin masu cewa goggon ta kirki ce, wasu nan take suka sauya sheƙa, wai dama can sun fara zarginta. Ana cikin haka wata maƙwabciyarmu, mai baki kamar reza, ta tafa hannu ta ce, "Ai juya ba ta san zafin ɗa ba. Duk wadda ta ba juya riƙo ta jefa ɗanta rijiya."

Yayata na zaune a wurin. Kan yarinyar na bisa cinyarta tana yi mata tsifa. Na ga hannunta ya tsaya, sannan ya ci gaba. Wallahi ba wadda ta ce subhanallahi, ba wadda ta taka ƙafar matar nan. Matar ƙanina ma na wurin da tsohon cikinta, na ga ta ɗago ta dubi tele, ta dubi yayata, ta sunkuyar da kai. Ni na buɗe baki zan wanke maƙwabciyar tas, yayata ta mintsine ni a cinya. Muka naɗe tabarma muka fito.

Na ɗauka maganar za ta mutu a nan. Ina! A bakin rijiya ita ake yi, a wurin injin niƙa ita ake yi, a gidan suna ita ake yi. Kowace ta zama alƙali. Wannan ta ce sayar da yarinyar aka yi, waccan ta ce wa matsafa aka kai ta, wata ta rantse ta ga kuɗi a hannun goggon, alhali tare muka kalla ba wanda ya ga ko dala. Daga nan sai a gangaro gida, a fara lissafin wa ke riƙon ɗan wa a gari. Mutanen da ba su iya sasanta rigimar akuya da maƙwabta ba, su ne suka zauna suna karanta zuciyar matar da ba ta haihu ba. Abin ƙyama, wallahi.

Ana haka kunnen yarinyar ya fara zubar da ruwa. Yayata dama takan kai mai da ƙuli Magaria ranar kasuwa, sai ta tafi da ita don a duba ta a gidan likita. Aka duba, aka ba su magani, suka dawo kafin magariba. Amma wata ta gan su a tasha, yayata na riƙe da hannun yarinya tana magana da kamasho a kan ya ba su kujerar gaba, don kada iska ta bugi kunnen. Kamashon kuma, don tsautsayi, yana sanye da tabarau saboda rana. Kafin su iso gida labari ya riga su. Ba a ce ta sayar da ita ba, a'a, mutanenmu sun fi haka wayo. Cewa ake yi dai an gan su, Allah ya kyauta, mai ɗa ya kula da ɗansa.

Ƙanina yana ci-rani a lokacin. Matarsa ta yi ta aika masa saƙon murya a waya tana kuka. Shi kuma, ragon banza, maimakon ya tsawata mata, sai ya ce ta yi abin da ta ga ya dace, shi yana nesa. Da na kira shi ma abin da ya ce mini ke nan, wai kada a sa shi tsakiyar mata.

Matar tasa ba ta zo ta ce a ba ta 'yarta ba, don ta san duk garin sai an zage ta. Jira ta yi ta haihu, aka yi suna, sannan ta aiko a ba ta aron yarinyar kwana biyu ta taya ta reno. Yayata ta yi mata kitso ta raka ta har ƙofar gida. Kwana biyu ya zama mako, mako ya zama wata. Sai aka aiko a ba da kayanta na lakwal. Bayan nan aka aiko a ba da sauran tufafin. Yayata ta wanke su, ta ninke, ta ɗaure a ɗankwali, ta haɗa da maganin kunnen, ta ce a riƙa ɗiga mata safe da yamma. Na ce mata ta tashi mu je. Ta ce wadda aka ba ɗa ba ta zuwa biko, in ta je ta zama mai ƙwace, kuma ba za ta ja da matar ƙaninta a kan abin da matar ta haifa ba.

Ni ban da wannan haƙurin, na tafi ni kaɗai. Tun daga zaure na ji matar ƙanina na ƙwala wa yarinyar kira da sunanta na yanka, gatsal, 'yar farin da shekara da shekaru ba ta iya faɗar sunanta. Na ce lallai kunya ta yi ƙaura daga gidan nan. Ta yi ta kewaye-kewaye, wai reno ne kawai, wai jaririn na da rigima. Na ce ta dubi idona ta gaya mini me yayata ta yi wa yarinyar. Ta ce ba ta yi komai ba tukuna.

"Tukuna?" na ce.

"To ai kin ga abin da ya faru, Yaya."

"A ina?"

"A tele."

Na tofar da yawu a gefen murhunta na fito, kuma ban yi nadama ba.

Yarinyar ta gudo sau da yawa. Takan taso daga lakwal ta zarce gidanmu, ta shige bayan yayata ta ƙanƙame ta. Yayata ta ba ta abinci, ta duba kunnen, sannan ta kama hannunta da kanta ta mayar da ita, yarinya na tirjewa a hanya mutane na kallo. Ta dawo ta shiga ɗaki ta rufe. Daga baya gudun ya tsaya, ban san me aka yi mata ko aka gaya mata ba. Wata rana muka haɗu da ita a hanyar rijiya, ta durƙusa daga nesa ta ce, "Ina wuni, Goggo." Yayata ta amsa lafiya lau, har da tambayar ya jaririn gidansu. Da muka wuce sai na ga tulun na rawa a kanta, na karɓa na ɗauka mata.

Damina ta sauka, kowa ya tafi gona, aka manta da tele. Sai da aka gama ɗaurin hatsi da roron wake darakta ya kawo sabon zango. Na rantse ba ni zuwa. Yayata dama tun ranar nan ba ta sake taka gidan ba. Amma na je, don ina so in ga fuskokinsu.

Ashe yarinyar fim ciwon zuciya gare ta. Ashe uban ya ƙi yarda a yi mata aiki, goggon ta sayar da gidanta da gwala-gwalanta a ɓoye, mai baƙin tabarau kuma direban da zai kai ta wurin likita ne. Aka nuna yarinya ta warke, ta sheƙo da gudu ta faɗa jikin goggonta, uban ya durƙusa yana neman gafara.

Ku zo ku ga kuka. Mai daddawa, wadda ta so fasa tele, ta ɗaga hannu sama tana roƙa wa goggon aljanna. Maƙwabciyar nan mai bakin reza ta ce ita dama tun farko jikinta ya ba ta matar nan ba za ta cuci ɗa ba, ai riƙo sai wadda ba ta haihu ba, ita ta san darajarsa. Da wannan bakin dai da ta yi waccan maganar. Duk wurin ba ka samun mace ɗaya da ta taɓa zargin goggon, kowace ta san gaskiya tun kashi na ɗaya. Wadda ta fi kowa kuka kuwa matar ƙanina ce, jariri a baya, tana sharɓe hanci da bakin mayafi tana cewa an zalunci baiwar Allah, an zalunce ta.

Na bari ta share hawaye, sannan na matsa kusa da ita. Ban ɗaga murya ba, don ina so abin ya yiwu. Na ce to alhamdu lillahi, tun da tele ta wanke goggo, sai ta haɗa wa yarinya kayanta gobe in zo in mayar da ita inda ubanta ya ajiye ta.

Ta dube ni da jajayen idanunta kamar na yi hauka. Ta ce, "Haba Yaya, ai wancan fim ne."

Matan da ke kusa suka gyaɗa kai, wai gaskiya ta faɗa, ina fim ina zahiri. Har wata ta ce mini in bar ɗaukar wasan kwaikwayo da zafi. Ni ce ma mai ɗauka da zafi! Na tashi na bar musu tabarmata a wurin, ban koma ɗauka ba.

Na iske yayata a bakin murhu tana tsame ƙuli daga mai. Ba ta ɗago ba, ta tambaye ni ko an gama. Na ce an gama. Tana juya matsami ta ce, "Yarinyar ta koma hannun goggonta?"

Na ce ta koma.

Ta ce, "Madalla. Allah ya bar su tare." Sannan ta ce in miƙo mata faranti, na kasko na ƙonewa.