Hotunan da Baba Yake Sawa

Shekarar da aka tura ni koyarwa Riruwai, ban san kowa a garin ba sai matar da na kama ɗaki a gidanta. In an tashi daga makaranta sai in dawo, in dafa ɗan abin da zan ci, in zauna da waya a hannu. Sabis ma sai na matsa jikin katanga yake kamawa. Nan nake tsayawa ina duba sitatus ɗin mutane. Wannan ta sa hoton biki, wancan ya sa addu'a, wata tana ta habaici ba ta faɗi da wa take ba. Ni ma nakan rubuta "Alhamdulillah", ko da ranar ban yi magana da kowa ba sai 'yan ajina.

Lokacin Inna ba ta cika shekara da rasuwa ba. Baba ya rage shi kaɗai a gidanmu na Yako, sai yayana ya saya masa babbar waya ya koya masa amfani da ita. Wata rana na ga Baba ya sa sitatus. Hoton tsakar gida ne a karkace, rabin turmi da igiyar shanya ba kaya, ba ko kalma ɗaya. Washegari ya sa kaji. Rana ta uku, ƙofar ɗakin Inna a rufe.

Na ɗauka kuskure yake yi, na kira shi.

"Baba, ka san hotunan nan kowa yana gani?"

"Na sani, Uwata." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci. "Yayanki ya nuna mini. Duk wanda ya kalla, sunansa yana fitowa a ƙasa. In na ga naki da nasa, na san kun tashi lafiya."

"To ka riƙa kiranmu mana."

"Kuna da aiki. Kullum in kira in ce me?"

Tun daga ranar, ba na fita makaranta sai na buɗe hotonsa. Ban taɓa gaya masa ni ma haka nake bin sunayen masu kallon nawa ba.

Da aka yi hutu na tafi Yako. Na same shi a kan tabarma yana cin tuwon da maƙwabciya ta aiko. Mako biyu na yi ina yi masa girki. Ranar komawata ya raka ni bakin titi, ya tsaya a rana har motar ta cika.